Mun tahi Benin shafa fenti, sai ga mu muna tafinta

Tunda muka dawo, duk wanda ya gan ni sai ya ce yaya tahiyar bishara? Bari in faɗa sau guda in huta.

Mu bakwai ne daga majami'armu ta nan Maradi, da fasto na takwas. Wata ekklisiyar ƙauye kusa da Kandi, arewacin Benin, ta gayyace mu aikin sa kai na kwana goma, mu shafe masu ɗan gidan likitarsu da fenti. Wata shidda muna tara kuɗin mota.

Bis ta bi da mu Konni, Dogon Dutsi, Dosso, har Gaya. Nan wasa ya ƙare. A lokacin gadar da ke tsallakawa Malanville a rufe take tun 2023, sai kwale-kwale. Ni kuwa ɗan tudu ne, gulbin da na sani rabin shekara rairayi ne. Aka loda mu da buhunan albasa da babur biyu, ruwa na lasar bakin jirgi. Addu'ar da na yi a wurin ban taɓa yin irinta cikin sujada ba. Kuma kowane taki da kuɗinsa: mai amalanke, mai jirgi, kabu-kabu, wanda su can suke ce ma zem. Sauƙin guda, sefarmu ita ce tasu, ba zancen canji.

Kwana biyu da fara aiki na lura samarin garin sun fi mu iya riƙon buroshi nesa ba kusa ba. Na zauna na yi lissafi: kuɗin motarmu kaɗai ya isa a biya su su shafe ginin har sau biyu. Abin ya tsaya mini a rai. Na gaya ma fasto, ya ce ɗana, kwanakin ba su ƙare ba tukuna.

Ran na huɗu bayan magariba ma'aikaciyar jinya ta aiko a kira "ƴan Nijar". Wani dattijo ne daga wajen Madawa, mai fataucin albasa, ya kawo jikansa jiki ya yi zafi rau. A kasuwar Malanville Hausa na ci, amma a ƙauyen nan Baribanci ne sai Faransanci, shi kuwa ba ko guda. Na ce sannu Baba, mi ya samu yaron? Ya ɗago kai kamar ya ga ɗan ɗakinsu. Sai a lokacin aka gane kwana biyar yana ba shi ƙwayoyin da ya saya wurin mai talla. Ta duba idon yaron, fari fat. Ta ce masassarar cizon sauro ce ta shanye jininsa, sai Kandi, kuma yanzun nan.

Babu mota. Zem biyu muka samu, yaron tsakanina da direba, Baba a na bayanmu. Hanyar jar ƙasa, an yi ruwa, fitilar babur na kashe ido. Duk ramin da muka faɗa sai in kai kunne bakinsa in ji ko yana numfashi.

An samu jinin da ya dace, aka ce dangi su mayar da madadinsa. Baba ya tsufa, sai na miƙa hannu. Da asuba ya ce in kula da yaron zai yi salla. Da ya dawo ya ce kai ɗan ina ne? Na ce Maradi, Baba. Ya ce an ce ku Kirista ne? Na ce e. Ya yi shiru kaɗan, ya ce to Allah shi yi maka albarka, ya ɓare goro ya ba ni rabi.

Sauran kwanakin mu biyu bakin ƙofar likita muka zauna, ni da wata ƴar'uwa mai jin Zabarmanci, tunda Dendin can kusan shi ne. Fentin kuwa samarin garin suka ƙarasa, muka biya su da guzurin da ya rage. Shekaranjiya Baba ya kira ni, wai yaron har ya fara satar masa albasa.