Yadda Lamba 41 Ta Kusa Cinye Mana Kuɗin Marayu



Waɗanda suka zo ofis a watan Afrilu sun tarar da ni ina rubuta rasit da hannu, wasu har da tsokanar cewa sakatare ya koma zamanin da. Ga abin da ya faru.

Kwamfutar ƙungiya tsohuwa ce, ta hannu muka saya. Firosesarta, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, samfurin Intel Core 2 Duo E8400 ce da ta fito a 2008. Cikin kwamfutar nan sunayen membobi suke, da kuɗin wata, da jerin marayun da muke tallafa wa. Da zafin bazara ya tsananta a Minna, sai ta fara mutuwa da kanta ina tsakiyar aiki.

Na saka manhajar Core Temp don in ga zafinta. Firosesar tana da sassa biyu, kowanne da ma'aunin zafinsa. Ɗaya yana yawo tsakanin digiri 33 da 36, ɗayan kuwa ya kafe a 41, ko motsi. Wani mai gyara da na nuna wa ya ce ɓangare guda ya ƙone, sai an sayi wata kwamfutar. A lokacin babu kuɗi a asusu sai na tallafin marayu. Har na fara rubuta wa shugaba takardar neman a ranta daga ciki.

Sai ɗan yayata da ke karatu a Jami'ar Fasaha ta Tarayya, Gidan Kwano, ya zo hutun ƙarshen mako. Ya duba ya ce, "Kawu, ka auna ta tana zaune ne. Bari mu ɗora mata kaya."

Ya buɗe manhajoji masu nauyi. Cikin mintuna kaɗan duka lambobin biyu suka tashi, suka haura 90, kusan kafaɗa da kafaɗa. Ya bayyana mini cewa ma'aunin yana ƙirga saura nawa a kai iyakar zafi ne, wadda a wannan samfurin digiri 100 ce. Don haka ya fi daidai idan zafi ya yi yawa. Idan na'ura tana hutawa yakan yi kuskure, kuma an san wasu firosesoshin wancan zamanin da kafewa a lamba ɗaya har sai zafi ya wuce ta. Bambancin 'yan digiri tsakanin sassan ma ba ciwo ba ne.

Da ya buɗe akwatin, na ji kunya. Ƙurar hunturu ta toshe fanka kamar auduga, man da ake shafawa tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya ya bushe ya zama gari. Ashe mutuwar da take yi kare kanta take yi daga ƙonewa. Ya share ƙurar, ya shafa sabon mai. Yanzu ko an matsa mata ba ta kai 70.

Kwana biyar na yi ina zargin lambar da ba ta da laifi, ban taɓa tunanin kwance ƙusa huɗu ba. Mai kwamfuta a shago ko a gida, ya sa a share ta bayan hunturu kafin zafin Maris, kuma kada ya yanke hukunci kan awon da aka yi tana hutawa.

Bayanan ƙungiya yanzu suna kan filash biyu, ɗaya a wurina, ɗaya wurin ma'aji. Kuɗin marayu kuma ba a taɓa ko kwabo ba. Alhamdulillahi.

Naku,
Sakataren Ƙungiya