Ziyararmu Shika: Inda likita ba ya gama karatu

Da sassafe motar makarantarmu ta biyo ta Kwangila, ta kama hanyar Sakkwato. Muka wuce Palladan, muka wuce babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, gidaje suka fara raguwa, gonaki suka fara bayyana. Can sai ga gine-ginen Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Mu 'yan ƙungiyar kimiyya ne na aji biyu na babbar sakandare, kuma in ka tambaye mu abin da muke son zama, fiye da rabinmu za su ce likita. Abin da ya sa malamin Bayoloji ya shirya tafiyar ke nan. Ya ce mu je mu ga abin da muke roƙo da idonmu kafin mu cike fam ɗin JAMB.

Tun a mota ya ba mu tarihin wurin. An kafa jami'ar a 1962, aka buɗe tsangayar koyon aikin likita a 1967. Shugaban jami'ar a lokacin, Farfesa Ishaya Audu, shi kansa likitan yara ne, kuma ya riƙe jami'ar daga 1966 zuwa 1975. Shekaru da dama ana koyarwa a tsohon asibitin Tudun Wada cikin Zariya da asibitocin Kaduna da Malumfashi, kafin a dawo wannan mazauni na Shika a 2005.

Wata matashiyar likita ce ta tarbe mu. Kafin komai ta kafa mana doka: ba ɗaukar hoto, ba leƙen gadon kowa, domin marar lafiya yana da sirrinsa ko da kuwa a asibitin koyarwa yake kwance. Daga baranda muka tsaya muka kalli abin da suke kira zagaye. Babban likita yana gaba, a bayansa likitoci masu neman ƙwarewa, sai waɗanda suka gama jami'a kwanan nan, sai ɗalibai a can ƙarshe riƙe da ƙananan littattafai. A kowane gado sai ayarin ya tsaya. Ƙaramin likita ya karanto labarin ciwon, babban ya yi tambaya, wani ya amsa, wani ya sunkuyar da kai. Mun ga wani mai gemu, wanda a unguwarmu da tuni ana ce masa Baba Likita, yana rubuta gyaran da aka yi masa kamar ɗan aji ɗaya.

Da muka zauna a wani ɗakin karatu, sai ta zana mana matakan a allo. Shekara shida a jami'a, in ba a samu tsaiko ba. Shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a ƙarƙashin manya, kafin Hukumar Likitoci ta Ƙasa ta ba ka cikakken lasisi. Shekara ɗaya ta bautar ƙasa. Daga nan mai son ƙwarewa a fanni guda, kamar zuciya ko ƙoda ko ƙwaƙwalwa, zai ci jarrabawar share fage, ya shiga horon da kan kai shekara biyar zuwa shida ko fiye, da manyan jarrabawa biyu a ciki. Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Legas ko takwararta ta Afirka ta Yamma ce ke shirya su. Kuma kafin a ba ka shaidar ƙarshe, dole ka gudanar da bincike naka na kanka, ka rubuta shi, ka kare shi a gaban manya. Wani daga cikinmu ya ƙirga da yatsu, ya ga abin ya doshi shekara goma sha huɗu. Ɗakin ya yi tsit.

Sai muka tambaye ta: tunda an riga an rubuta littattafai, binciken me kuma za a yi? A nan hirar ta yi daɗi.

Ta ce yawancin littattafan da aka fara koyarwa da su a Turai aka rubuta su, kan cututtukan mutanen can. Likitocin da suka yi aiki a sashen cututtukan manya na Zariya a shekarun 1970 sai suka riƙa ganin abin da ba ya cikin littafi. Mata matasa, lafiya lau suka haihu, bayan 'yan makonni sai a kawo su ƙafafu sun kumbura, suna haki, ba sa iya kwanciya. Zuciya ta gaza. Farfesa Eldryd Parry, wanda ya shugabanci sashen, da abokin aikinsa Dakta Davidson suka bi diddigin mata 224 masu wannan ciwo, suka wallafa sakamakon a 1978. Sun lura da abin da mai jego ke yi a kwana arba'in ɗin farko: wankan ruwan zafi, kwanciya a kan gadon ƙasa da ake hura wa wuta, da shan kunun kanwa. Kanwa tana da sinadarin sodiyam mai yawa, irin wanda ke cikin gishiri, shi kuwa yana riƙe ruwa a jiki. Zafi kuma yana buɗe jijiyoyin fata, ya tilasta wa zuciya ƙara aiki. Suka ce haɗuwar biyun na iya fin ƙarfin zuciyar da ba ta gama hutawa daga ɗaukar ciki ba.

Amma maganar ba ta tsaya a nan ba. Shekaru da yawa bayan haka, likitocin zuciya a Kano, ciki har da Farfesa Kamilu Ƙaraye, suka sake duba ciwon da na'urorin zamani. Binciken nasu ya fi nuna yatsa ga hawan jinin masu ciki, da rama, da talauci, da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam a jikin matan. Likitar ta ce haka ilimi yake tafiya. Na gaba ya faɗi abin da ya gani, na baya ya zo ya auna shi, ya ƙara ko ya gyara, ba tare da an ɗauke shi rashin kunya ba.

A nan ne wata 'yar ajinmu ta ɗaga hannu, muryarta na rawa. Ta ce yayarta tana jego yanzu haka, kullum kakarsu ce ke dama mata kunun kanwa, kuma kwana biyun nan takalminta ba ya shiga ƙafarta. Likitar ta ajiye alli ta matso kusa da ita. Ta ce, ƙanwata, kada ki koma gida ki ɗaga wa kaka murya, domin abin da take yi ƙauna ce ta sa. Ki samu Umma ki faɗa mata alamomin nan: kumburin ƙafa, haki ko da ba a yi aiki ba, tari in an kwanta, da bugun zuciya da sauri. In akwai su, yau za a kai ta asibiti, kada a jira arba'in. Malaminmu ya ba ta wayarsa, ta fita waje ta kira gida. Sai da ta dawo ta zauna sannan aka ci gaba.

Labari na biyu na maciji ne. Kububuwa, wadda wasu ke kira gobe da nisa, tana sarar manoma da makiyaya, dafinta kuma yana hana jini daskarewa, mutum ya yi ta zubar jini ta dasashi da cikin jiki. Dakta David Warrell, wanda ya yi aiki a Zariya a shekarun 1970, shi da abokan aikinsa suka fito da gwaji mai sauƙi. A ɗebi jinin wanda aka sara, a zuba a busasshiyar kwalbar gilas mai tsabta, a ajiye minti 20. In an karkata kwalbar jinin bai daskare ba, dafi ya shiga jiki, a ba da maganin dafi. Ba ya buƙatar lantarki, ba ya buƙatar na'ura. Har yau ana amfani da gwajin nan a asibitocin karkara a Afirka da Asiya, haka ma a Kaltungo ta Jihar Gombe, inda ake da cibiyar kula da saran maciji.

Na uku shi ne sanƙarau, wanda kowa a Arewa ya san lokacinsa: in hunturu ya ja baya, zafi da ƙura suka taso. Dakta Brian Greenwood ya yi shekara goma a Zariya daga 1970 yana nazarin yadda cutar ke yaɗuwa da yadda rigakafi ke aiki. Daga nan ya koma Gambiya, inda binciken da ya jagoranta ya nuna gidan sauro mai magani yana rage mutuwar yara. Cikin waɗanda suka taso a Zariya akwai Farfesa Idris Mohammed, wanda ya jagoranci rubuta bayanin babbar annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 11,000. Irin wannan ƙidaya da nazari na cikin abin da ya share hanya aka samar da sabuwar allurar rigakafi a 2010, wadda ta fara a Burkina Faso da Mali da Nijar, ta iso Najeriya a 2011. Wataƙila yayyenmu sun bi layin allurar nan ba su san tarihinta ba.

Muka tambaya, to me mai bincike yake samu? Ta yi murmushi. Ta ce ana tura aikinsa ga wasu masana da bai sani ba, su tsefe shi, in ya tsaya da ƙafarsa sai mujallar likitoci ta buga. Da irin waɗannan rubuce-rubuce, da koyarwa, da ɗaliban da ya yaye, ake ɗaga malami daga lakcara zuwa babban lakcara, har ya kai farfesa, ya tsaya gaban jama'a ya gabatar da laccar kama kujera. Wasu kan samu lambar yabo, kamar Greenwood da Parry da Ingila ta ba su muƙamin Sir. Amma ta ce ita abin da ya fi burge ta shi ne a ce ma'aikacin lafiya a ƙauyen da ba ka taɓa zuwa ba yana ceton rai da dabarar da ka gano, bai ma san sunanka ba.

Ba ta ɓoye mana ɗaya gefen ba. Akwai kwanan asibiti, akwai jarrabawar da ake faɗuwa a sake, akwai abokan karatunta da suka tafi Ingila da Saudiyya neman albashi mai tsoka. Ba ta zarge su ba. Ta dai ce ciwon mai jego da saran kububuwa da sanƙarau namu ne, kuma wanda ya san yadda ake dama kunun kanwa, ya iya magana da kaka cikin ladabi, ya fi kowa dacewa ya bincike su.

Kafin mu tashi ta ba mu aikin gida. Ta ce mu riƙe Bayoloji da Kemistiri da Fizis da Turanci, domin su ake rubutawa a JAMB, kada kuma mu yi wasa da Lissafi a WAEC ko NECO. Sannan kowa ya sayi ƙaramin littafi ya fara rubuta abin da ya lura da shi a unguwarsu: wane wata zazzaɓi ya fi yawa, daga wace rijiya masu gudawa suke sha. Ta ce da irin wannan lura binciken Zariya ya fara.

A hanyar komawa motar ba ta cika da surutu kamar da safe ba. Wasu sun ce shekara goma sha huɗu ta yi musu yawa, za su duba harhaɗa magunguna ko aikin ɗakin gwaji, malaminmu ya ce duk asibiti ɗaya suke riƙe. Daidai Samaru wayarsa ta yi ƙara. Daga gidan 'yar ajinmu ne. Sun ce an tafi da yayarta asibiti, kuma kakar ce da kanta ta riƙe jaririn a mota.