Yadda Na Ƙirƙiro Wasa Ƙwaƙwalwa

Tun ina ƙarami a Faskari nake jin labarin mutumin nan mai son haye ruwa da kura da akuya da harawa, ga shi kwalekwalensa ba ya ɗaukar fiye da abu ɗaya ban da shi. In ya juya baya, kura ta cinye akuya, ko akuya ta cinye harawa. Amsar ita ce hayi 7, zuwa da dawowa. Malaminmu na lissafi ya ce ko a Turai an san irinsa, har ana danganta shi da Alcuin, wani malami mutumin Ingila da ya rasu a 804.

Ranar nan sai na ce bari in yi nawa. Na kai mutumin bakin dam ɗin Mairuwa, na ƙara masa tunkiya da ya sayo a kasuwar Sheme. Na karanta wa 'yan ajinmu, har na sa alkalamina ladan wanda ya warware. Mako guda babu wanda ya iya, ni kuwa sai hura hanci nake.

Da na ba Kakata labari, sai ta ɗauko tsakuwa huɗu, ta ja layi a ƙasa, ta ce, "To, maigidan, haye da su in gani." Na ɗauki akuya, kura ta faɗa wa tunkiya. Na ɗauki tunkiya, akuya ta shiga uku. Na ɗauki kura, aka cinye harawa. Na ɗauki harawa, kura ta yi biki. Ashe wasan ba shi da amsa! Kaka ta yi ta dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

Washegari na tsaya gaban aji na nemi gafara, domin na wahalar da su a banza. Na koma na sake doka, kwalekwale ya ɗauki abu biyu. Nan take wata yarinya ta gama da hayi 3: akuya da tunkiya, a dawo, sannan kura da harawa. Alkalami ya tafi.

Daga nan na gane abu biyu. Mai shirya wasa shi zai fara warware shi, kuma doka guda na iya mai da shi tuwon yara ko ta kashe shi sam.

Ga doka ta uku da na ƙara: kwalekwale na ɗaukar abu biyu, amma kura ba ta shiga da komi sai mai tuƙi. Na gwada da tsakuwa a gaban Kaka, ya fita da hayi 7. 'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, sai ku nemi tsakuwa ku gwada. Amma fa wannan karon babu alkalami.