Kyamarar Da Ba Ta Jin Magiya

Maigidana direba ne, gudu kamar zai tashi sama. Sau nawa nake roƙonsa tsakanin Kazaure da Gwiwa, "Malam, don Allah sassauta, da yara a motar nan." Sai ya yi dariya, wai tsoron mata.

Da ya samu aikin tuƙi a Jidda sai ya haɗu da Sahir, kyamarorin da Saudiyya ta fara kafawa a 2010. Babu ɗan sanda balle magiya, lambar mota suke ɗauka, tara ta iso ta waya. Wata guda cur kuɗin cefane bai zo mana ba.

Yanzu lallaɓa mota yake. Na gode Allah, amma 'yan'uwa, abin yana ci min rai: ashe riyal ya fi hawayena daraja?