Ni'imar da Ba Mu Taɓa Ƙidayawa Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta. 

Mun tashi a gidan liman, inda kunya take da babban matsayi, har akwai sassan jiki da ba a ambatar sunansu gaban manya. Amma yau za mu ambaci ɗaya, domin shirun da muka saba da shi ya kusa raba mu da ɗanmu.

A daminar 2019 Allah Ya ba mu ɗa namiji. A gida aka haife shi, Malam ya yi masa kiran salla a kunne, mata suka yi guɗa. Kwana ɗaya ya wuce bai yi baƙin kashin nan na farko ba, muka ce jinkiri ne. A rana ta biyu cikinsa ya kumbura, ya ƙi nono, ya soma amai kore. Inna ce, wajen wanka, ta juya shi ta duba, sai ta aika a kira mu. Ta ce, "Ɗan nan, zo ka ga ikon Allah. Yaron nan ba shi da ƙofa." Muka duba, fata ce shafe a wurin da dubura ya kamata ta kasance.

Nan take shawarwari suka yi yawa. Wasu suka ce a kira wanzami ya tsaga, wasu suka ce a rufa asiri har bayan suna. Malam ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya ce, "Addu'a tamu ce, amma wuƙa ta masu iliminta ce. Ku nemi mota." Daren nan muka kama hanyar Yamai.

A can likita ya zana mana hoto a takarda. Ya ce a farkon halitta, ƙarshen hanji da hanyar fitsari rami ɗaya suke tarayya a cikinsa. Daga mako na 4 zuwa na 7 bayan shigar ciki, wani shamaki na nama yakan sauko ya raba su biyu, fitsari a gaba, bayan gida a baya. Daga waje kuma fata takan lotsa ciki ta tarbi hanjin, sai siririyar tantanin da ke tsakaninsu ta buɗe wajen mako na 8. Don haka kashi biyu cikin uku na mashigar dubura daga hanji yake, kashi ɗaya na ƙasa daga fata. Idan rabuwar ba ta cika ba, sai hanji ya tsaya a sama, ko ya ɓulle ta hanyar fitsari ga namiji, ko ta gaba ga mace. Ya ce ana samun haka ga jariri kamar 1 cikin 5,000, kuma wani lokaci yakan zo tare da matsala a ƙoda, zuciya, ƙashin baya ko maƙoshin abinci, shi ya sa aka bincika su duka. Ya ƙara da cewa hanjin ɗanmu yana can sama. Da an tsaga a gida, da aska ba ta kai gare shi ba, sai dai ta lalata naman da ke riƙe bayan gida.

Mun karanta matakan halitta a Suratul Mu'uminun tun muna riƙe da allo, amma ba mu taɓa jin nauyinsu kamar ranar nan ba. Abin da ya fi sanyaya mana zuciya shi ne lissafin makonni. Maƙwabta sun fara raɗa cewa mai jego ta yi yawon magariba ne da tsohon ciki, iska ta taɓa ta. Alhali abin ya auku tun kafin ta tabbatar tana da juna biyu. Ba ta da laifi ko kaɗan.

Aiki uku aka yi masa. Na farko, aka buɗa ƙofa a gefen cikinsa don bayan gida ya sami mafita. Ranar suna yana kwance a asibiti, aka yanka rago a gida, aka raɗa masa sunan kakansa. Bayan watanni aka yi babban aikin, wanda likitoci Alberto Peña da Pieter de Vries suka bayyana a 1982: a jawo hanjin a zaunar da shi daidai tsakiyar naman da ke matse shi. Aka koya mana faɗaɗa sabuwar ƙofar kullum da wani ɗan sanda mai santsi, yana kuka muna kuka. Daga ƙarshe aka rufe ta cikin.

Ba za mu ce komai ya wuce ba. Har yanzu yakan yi fama da taurin ciki, wata rana kuma ya ɓata wando ba da saninsa ba. Mun taɓa tambayar Malam yadda sallarsa za ta kasance in ya balaga da wannan larura. Ya ce malamanmu na Malikiyya sun yi bayani a babin salasu: abin da ke fita ba da iko ba, in ya lizimci mutum rabin lokaci ko fiye, ba ya warware alwala. Addini bai rufe masa ƙofa ba.

Roƙonmu ga iyaye mata da ungozomomi shi ne, a duba jariri duka ranar da ya zo, gaba da baya. In ya kwana ɗaya bai yi kashin farko ba, a sa ido. In ciki ya kumbura, ko ya yi amai kore, ko kashi ya fito tare da fitsari, a garzaya asibiti, kada a jira suna. Wani ma ƙofar tana nan, amma jijiyoyin ƙarshen hanjin ne ba su cika ba, shi ma aikin likita ne.

Yanzu yaron yana zuwa makarantar allo, Inna tana tsokanarsa da mijinta. Mu kuwa addu'ar fitowa daga bayi, wadda da muke yi da baki kawai, ta koma muna yin ta da zuciya.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba marasa lafiya lafiya. Wassalamu alaikum.