Da Akwatuna a Ƙofar Majami'ar Kolon

Sa'o'i uku kacal muke da su a birnin Kolon na ƙasar Jamus kafin jirgin ƙasa na gaba ya tashi. Fitowarmu daga babbar tasha ke da wuya, sai ga tsohuwar majami'ar birnin tsaye a gabanmu, hasumiyoyinta biyu sun kai mita 157. An aza harsashinta a 1248, ba a kammala ta ba sai a 1880.

Muka nufi ƙofa muna jan akwatuna huɗu cike da tsaraba. Mai gadi ya tare mu cikin ladabi, ya ce ba a shiga da manyan kaya. Mahaifiyarmu, wadda gajiya ta kama, ta ce a haƙura. Amma muna da dalili. A 1965, ma'aikata Turkawa da ba su da masallaci sun shimfiɗa dardumansu a ɓangaren arewa na wannan gini, suka yi sallar idi bayan azumi. Muna so yaranmu su ga wurin da idanunsu.

Muka koma tasha, muka biya kuɗin ajiya, muka dawo hannu sake. Muka shiga a natse, murya ƙasa-ƙasa, domin akwai masu ibada. Da muka tsaya a ɓangaren arewa, autanmu ya tambayi inda alƙibla take. Kakarsa ta yi murmushi, ta nuna masa.

Duk wanda hanya ta biyo da shi nan, ya fara ajiye kayansa a tasha. Allah Ya kai mu gida lafiya.