Afaka: Inda Sabon Ɗalibi Ba Ya Tafiya Sai Gudu

Yayata ce ta tashe ni wannan tafiya. Tun ranar da sunan ɗanta na fari ya fito cikin waɗanda aka ɗauka a Makarantar Horas da Hafsoshin Soja ta Kaduna, wadda kowa ya sani da NDA, barcinta ya ragu, sallar darenta ta ƙaru. Da aka samu ranar da iyaye za su iya ganin 'ya'yansu, sai ta ce zuciyarta ba za ta ɗauka ba, ni in je in gano mata shi da idona. Ta cika roba da dambun nama, ta ɗaure bakinta da leda har ninki biyu, ta danƙa mini.

Na bar Kano bayan sallar asuba, hunturu ya rufe hanya da hazo. Mai zuwa Kaduna daga Kano sai ya ratsa Zariya, inda Difon soja yake tun 1924. A can ake mayar da saurayi kurtu cikin 'yan watanni, ya fito ƙaramin soja mai karɓar umarni. Inda na nufa kuwa ana renon waɗanda za su ba wa kurtun nan umarni ne, shi ya sa renon yake ɗaukar shekara biyar. Daga Kawo na karkata zuwa Mando, na ɗauki hanyar da ta nufi filin jirgin sama. Gidaje suka fara sirancewa, fili ya buɗe, busasshiyar ciyawa da jar ƙasa suka maye gurbin shaguna. Nan ne Afaka, a Ƙaramar Hukumar Igabi, mazaunin makarantar na dindindin. Tsohon mazauninta yana cikin gari, a Barikin Ribadu.

A ƙofa an bincike motata, an bincike ni, an tambayi wanda na zo wa da bataliyarsa. Ban ga laifin masu binciken ba. A watan Maris na 2021 'yan bindiga sun kwashe ɗalibai 39 daga kwalejin koyon aikin gandun daji da ke maƙwabtaka da nan, sannan a ranar 24 ga Agustan wannan shekarar suka kutsa cikin makarantar kanta, suka kashe hafsoshi biyu, suka tafi da ɗaya. Wanda ya san wannan ba ya ƙosawa a layin bincike.

Abin da ya fara ɗaukar hankalina a ciki shi ne bambancin tafiya. Manyan ɗalibai suna takawa a natse, ƙirji a gaba. Ƙanana kuma, da kawunansu a aske tal-kwabo, ba ka ganinsu sai a guje, hannuwa a dunƙule, kamar masu tseren ruwan sama. Ina tsaye ina wannan kallo wani baƙin siririn saurayi ya zo a sukwane, ya ƙame a gabana, ya ce, "Kawu, sannu da zuwa." Da bai yi magana ba da ya wuce ni ban shaida shi ba. Yaron da na sani mai kumatu ne, mai tara suma, wanda sai uwarsa ta kira shi sau uku kafin ya ɗago kai daga waya.

Muka zauna a gindin bishiya. Ya buɗe robar dambun nan, ya ci kamar wanda ake jira ya ba da wuri, yana ci yana ba ni labarin wuninsa. Ana tashinsu duhu bai yaye ba. Kafin a fita motsa jiki sai an share ɗaki, an wanke banɗaki, an ja zanin gado har ya zama kamar allo. Sai gudu da atisaye, sai wanka cikin 'yan mintuna, sai karin kumallo, sai aji. Mutane da yawa ba su san cewa NDA jami'a ce ba: tun 1985 take ba da digiri, kuma ɗalibin da zai shiga rundunar ƙasa yana shekara huɗu yana haɗa karatun boko da horo, ta biyar kuma horon soja zalla. Nasa fannin kimiyyar lissafi ne. Ya ce babban abokin gabarsa a aji ba lissafin ba ne, gyangyaɗi ne. Wanda ya ji idonsa na rufewa yakan miƙe ya koma bayan aji ya tsaya, wani lokaci kuma sai ka waiwaya ka ga masu tsayuwa sun kusa kai masu zama yawa.

Bayan azahar akwai fareti a rana, da koyon kwance bindiga da ɗaura ta, da karatun taswira, da wasanni. Da dare akwai bitar karatu. Bayan bita kuma ga kaki yana jiran guga, ga takalmi yana jiran mai da tsumma har mutum ya ga fuskarsa a hancinsa. Duk wanda ya riga ka shigowa da shekara ɗaya ubangidanka ne; yana iya tsayar da kai saboda maɓalli guda, ya sa ka tsallen kwaɗo ko wani nau'in gwale-gwale. Sunan da manya ke kiran 'yan shekarar farko da shi na Turanci ne, ma'anarsa wawa, irin wawan sarki. Na tambaye shi ko sunan yana yi masa zafi. Ya yi dariya ya ce, "Kawu, ai ba mu da lokacin jin zafin suna."

A nan na daɗe ina tunani, domin ni malamin makaranta ne, kuma aikina ya koya mini ƙin duk horon da ke ƙasƙantar da yaro. Makarantun soja na duniya sun yi tarayya a wannan al'ada ta matse sabon shiga, daga Sandhurst ta Ingila har West Point ta Amurka, kuma a ko'ina ana muhawara a kan inda horo ya ƙare, cin zali ya fara. Hujjar masu kare al'adar ita ce, wanda zai ce wa mutum talatin su tashi su fuskanci harsashi ya kamata ya fara ɗanɗana yunwa da rashin barci da umarnin da bai ga dalilinsa ba. Hujjar tana da ƙarfi, ban musa ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce duk abin da babba ya yi wa ƙarami ya zama horo don kawai babba ne ya yi. Na faɗa wa yaron haka, na kuma ce ya riƙe maganar zuwa baɗi, lokacin da wasu za su riƙa ƙamewa a gabansa.

Ya nuna mini ginin bataliyarsa daga nesa. Sunayen bataliyoyin kansu darasin tarihi ne: Mogadishu, Abisiniya, Burma, Dalet. Wurare ne da sojojin ƙasar nan suka yi yaƙi a ƙarƙashin tutar Ingila a Yaƙin Duniya na Biyu, da fari a gabashin Afirka a kan Italiya a 1941, daga baya a dazukan Burma a kan Japan. Da yawa daga cikin mazan jiyan nan 'yan Arewa ne, kuma Hausa ce harshen bariki a wancan zamani. Makarantar ita kanta an buɗe ta ne a watan Fabrairun 1964, kuma hafsoshin Indiya ne suka aza harsashinta, a ƙarƙashin kwamandanta na farko, Birgediya M.R. Varma. Mata sun fara shiga sahun ɗalibai na dogon zango a 2011. Na ga wasunsu sun wuce a guje, babu wanda ya rage musu ko taki ɗaya.

Abin da ya fi burge ni bai shafi bindiga ba. Ana ɗaukar ɗalibai daga kowace jiha, a gauraya su. Abokin ɗakinsa ɗan Bayelsa ne, bai taɓa ganin hunturu ba sai bana, leɓɓansa duk sun tsage. Yaron yayata ne ya koya masa shafa man kaɗe. Shi kuma yakan taya shi gyaran ɗaki idan ya tafi masallaci da asuba, ranar Lahadi a rama masa. A gida, iyakar sanin yaron nan game da Neja-Delta shi ne abin da ake faɗa a rediyo idan an fasa bututun mai. Yanzu yana cewa "ɗan'uwana" yana nufin wancan.

Akwai maganar da muka yi ta kewayewa ba mu taɓa ba. Idan Allah ya kai shi ƙarshe, aka maƙala masa anini ɗaya a kafaɗa, ba ofis ke jiransa ba. Borno ce, ko Zamfara, ko dajin Birnin Gwari da hanyarsa ta wuce ta bakin ƙofar makarantar. Wannan ne ke hana uwarsa barci, ba tsallen kwaɗo ba. Na ce masa, "Ka san abin da take tsoro?" Ya ce ya sani. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce in gaya mata yanzu tunaninsa bai wuce ya kai ƙarshen mako ba a kore shi ba, domin ana kora, a kan jarrabawa ko a kan ɗa'a, kuma akwai gadajen da suka riga suka zama wayam a ɓangarensu.

Aka busa begila. Bai ƙarasa jimlar da ya fara ba, ya miƙe, ya miƙo mini robar, ya ce in gaida Umma da ƙannensa, ya juya a guje. Cikin daƙiƙa kaɗan ya ɓace a tsakanin kawuna masu sheƙi iri ɗaya, na kasa ware shi.

Na isa Kano bayan isha'i, na tarar da yayata a tsakar gida a kan darduma. Ta ce, "Ya rame ko?" Na ce ya rame, amma ya ƙara tsayi, kuma shi ya fara gaishe ni. Ta karɓi robar, ta buɗe, ta ga ko ɓurɓushi babu. Ta daɗe tana kallon cikinta, sannan ta tambaye ni yaushe ne ziyara ta gaba, ta ce wannan karon da ita za a je.